Na biya ɗan rakiya ya zaga da ni tsohon birnin Filadelfiya

Da na je wurin ƙanwata a jihar Fensilbaniya, mijinta ya ce, "Yaya, ai ba ka koma gida ba ka ga inda aka yanke wa Amurka cibiya ba." Birnin Filadelfiya da ke jihar yake nufi. Shi yana da aiki ranar, sai na shiga intanet na sayi tikitin wani kamfani mai zagayawa da baƙi a ƙafa. Dala 25, na awa ɗaya da rabi.

Ɗan rakiyar dai ba laifi, yaro ne mai fara'a, ga murya, ga zance a baki. Amma mu kusan ashirin ne, shi kuma sauri kamar wanda ya baro tukunya a wuta. Na baya sai dai ya ji ana dariya bai san me aka faɗa ba.

Abin da ya fara ɓata min rai shi ne a bakin Independence Hall, ginin jan bulon da aka amince da takardar 'yancin kai a ranar 4 ga Yuli, 1776, aka kuma sa hannu a tsarin mulki a 1787. Na ɗauka ciki za mu shiga. Ashe tikitinmu iyakarsa waje. Daga baya na gano shigar ma kyauta ce, lokaci kawai za ka kama a intanet da dala ɗaya. Washegari na koma ni kaɗai. Ɗakin taron bai kai yadda na zata ba, 'yan tebura ne lulluɓe da koren ƙyalle, sai kujerar da George Washington, shugaban Amurka na farko, ya zauna, mai zanen rabin rana a samanta.

Ƙararrawar 'Yanci ma kyauta ake gani, illa layi da binciken jami'an tsaro. Ta haura kilo 900. Daga Landan aka kawo ta a 1752, bugun gwaji na farko ta tsage, sai maƙeran garin biyu, John Pass da John Stow, suka narkar suka sake zuba ta a 1753, ga sunayensu nan a jikinta. Tsagar nan mai faɗi da kowa ke ɗauka a hoto kuwa, garin neman gira aka rasa ido: gyara aka yi mata, ta ƙara tsagewa a 1846, tun daga nan ba a sake kaɗa ta ba. Masu yaƙi da bauta ne suka laƙaba mata wannan suna.

Inda ya fi tsaya min a rai, nan ɗan rakiyarmu ya wuce cikin minti biyu. Dab da ƙofar shiga wurin ƙararrawar akwai kufan gidan da Washington ya zauna yana shugaban ƙasa, zamanin da Filadelfiya take babban birni, 1790 zuwa 1800. A jikin bango an sassaƙa sunayen bayi tara da ya ajiye a gidan. Dokar jihar ta 1780 ta ce bawan da aka shigo da shi ya cika wata shida ya 'yantu, shi ya sa kafin wa'adin ya cika sai a fitar da su daga jihar a dawo da su, lissafi ya koma farko. Ɗaya daga cikinsu, Ona Judge, ta sulale a 1796 ana tsakiyar cin abincin dare, ta hau jirgin ruwa zuwa jihar New Hampshire, kuma har ta rasu ba a mayar da ita ba. Da na dawo washegari, na fi rabin awa a wurin.

Mun leƙa kabarin Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, ta tsakanin ƙarafan shinge, mutane na ta jefa kwabbai a kai. Abinci kuwa ban sha wuya ba, garin akwai Musulmi sosai, na sami burodi da naman halal a keken wani mai sayarwa, har sallama muka yi.

Mai kwana ɗaya tak da ke son a nuna masa hanya, ya biya. Mai kwana biyu ya riƙe kuɗinsa, ya kama lokacin shiga tun da wuri, ya sa takalmi mai laushi, don duwatsun wasu titunan sun ci min ƙafa.