A kai yaro rigakafi ana tsakiyar annoba, ko a jira ta lafa?

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiyar yara. Kin ce cutar mashaƙo ta ɓulla a unguwarku, ga 'yarki ta cika wata tara, lokacin allurar ƙyanda ya yi, kuma har yanzu ba a yi mata Penta ta uku ba, wato allurar jarirai da ke tare mashaƙo. Maigida ya ce a dakata sai gari ya lafa. Hujjarsa biyu: asibiti ne matattarar masu cuta, sannan ko lokacin korona Turawan da suka haɗa allurar sun yi ta jayayya a kan ko za su yi wa 'ya'yansu. Allah ya ba marasa lafiyar unguwarku sauƙi, ya tsare sauran.

Hujjarsa ta biyu gaskiya ce, kada ki musa masa. An yi jayayyar, kuma manyan likitoci ne suka yi ta. Sai dai abin da ya sa suka yi ta a kan korona shi ne zai sa ba za su yi ta a kan ƙyanda ko mashaƙo ba. Bari in ajiye miki su biyun kusa da juna.

Korona tsofaffi ta fi kashewa, da masu ciwon suga, hawan jini da ciwon ƙoda. Yara sun kamu sosai, amma akasarinsu mura ce da zazzaɓi na 'yan kwanaki. A Ingila an bi diddigin shekarar farko ta annobar, daga Maris 2020 zuwa Fabrairu 2021, aka samu yara 25 'yan ƙasa da shekara 18 da korona ta yi ajalinsu, cikin yara kusan miliyan 12. Wato biyu a cikin miliyan, kuma da yawansu dama suna fama da wata babbar larura. A ɗaya gefen, allurar Pfizer da Moderna ta zo da wata matsala da aka gano bayan an fara yi wa jama'a: kumburin tsokar zuciya, wanda ya fi samun samari matasa kwana biyu zuwa uku bayan allura ta biyu. A lissafin Amurka, abin ya kai wajen ɗaya cikin 10,000 na samari 'yan shekara 16 zuwa 17. Mafi yawansu sun warke bayan 'yan kwanaki a asibiti. Kin ga ke nan haɗarin cutar ƙarami ne, haɗarin allurar ma ƙarami ne, shi ya sa sikelin ya ƙi rinjaya sosai. A Satumba 2021 kwamitin da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan rigakafi ya ce amfanin allurar ga lafiyayyun yara 'yan 12 zuwa 15 ya ɗara illarta, amma da ɗan kaɗan, bai kai a ce kowa ya yi ba. Manyan jami'an lafiyar ƙasar suka ƙara lissafin zaman gida da asarar karatu, suka ce a yi guda ɗaya. Amurka ta buɗe wa 'yan shekara 5 zuwa 11 a ƙarshen Oktoba 2021. Suwidin kuwa a Janairu 2022 ta ce ba ta ga dalilin yi wa lafiyayyun wannan rukuni ba. Duk hujja ɗaya suke kallo, kowa ya yanke nasa. Yaron da ke da sikila ko ciwon zuciya ko raunin garkuwar jiki kuwa, a kansa ba a yi wata gardama ba, shi ake fara kira.

A Maris 2023 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa lafiyayyun yara a rukunin ƙarshe na masu buƙatar allurar korona, ya kuma faɗa ƙarara cewa amfaninta gare su bai kai na tsofaffin alluran yara irin ta ƙyanda ba. Mu nan Najeriya ma da alluran suka iso a Maris 2021, 'yan shekara 18 zuwa sama aka kira. Ba a taɓa bin jarirai da ita ba.

To yanzu juyo ga abin da ke ƙofar gidanki.

Mashaƙo yara take nema. Tana farawa kamar ciwon maƙogwaro na yau da kullum, ɗan zazzaɓi, yaro ya ƙi abinci. Kwana biyu ko uku sai wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a can cikin maƙoshi, ta manne, in aka ce za a kankare ta sai jini. Wuya ya kumbura ya haɗe da haɓa, numfashi ya koma da ƙara kamar ana jan zarto. Abin da ya fi ban tsoro shi ne dafin da ƙwayar ke saki cikin jini. Yaro zai iya samun sauƙin maƙogwaro, a ce an tsallake, bayan sati ɗaya ko biyu zuciya ta gaza. Ko da an kai asibiti, biyar zuwa goma cikin ɗari na rasuwa, ƙananan yara sun fi haka. Inda babu maganin karya dafin, kuma maganin ya yi ƙaranci a duniya baki ɗaya don kamfanoni kaɗan ne ke yin sa, adadin na iya kaiwa kusan uku cikin goma. Ɓarkewar da ta taso a ƙarshen 2022, kafin 2023 ta ƙare waɗanda aka tabbatar sun kamu a Najeriya sun haura 10,000, mafi yawansu a Kano, ɗaruruwa sun rasu, akasari yara 'yan ƙasa da shekara 15 da ba a kammala musu rigakafi ba. Ta tsallaka har yankin Damagaram a Nijar.

Me Penta ke jawowa a nata gefen? Cinya ta kumbura ta yi zafi, yarinya ta kwana tana rigima, jiki ya yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu. Wannan kusan kowace uwa ta gani. Jefi-jefi zazzaɓin kan yi zafin da zai kawo jijjiga, abin firgitarwa ne ƙwarai amma yakan wuce bai bar tabo ba. In hannun mai allurar bai da tsabta ko bai iya ba, wurin na iya yin ƙurji. Mummunan borin jini mai toshe numfashi yana faruwa wajen sau ɗaya cikin allura miliyan, a cikin mintunan farko, shi ya sa ake cewa ki ɗan zauna kafin ki tafi. Allurar guda kuma cuta biyar take tarewa, har da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora da ciwon hanta. Biyun da aka yi wa 'yarki sun fara aiki, ta ukun ce ke cika kariyar. Kuma ba a komawa farko don an makara, daga inda aka tsaya ake ɗorawa.

Ƙyanda ta fi kowace saurin yaɗuwa. Mai ita ɗaya zai iya sa wa mutum 12 zuwa 18 a cikin jama'ar da ba su da kariya, ƙwayar kuma tana zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan ya fita. Mu mun saba da ita har muna ɗaukarta kamar wani mataki na girma, a shafa wa yaro abin shafawa a rufe shi a ɗaki. Amma ita ke kawo ciwon huhu da gudawa mai ƙarar da ruwan jiki, tana makantar da yaron da ke da ƙarancin sinadarin bitamin A, ɗaya cikin dubu kuma takan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Bayan ta tafi tana barin garkuwar jiki a raunane, cututtukan da yaro ya riga ya saba da su su dawo masa sabbi. Allurarta fa? Wajen ɗaya cikin goma kan yi zazzaɓi bayan sati ɗaya zuwa kwana goma sha biyu, wasu da 'yan ƙuraje marasa yaɗuwa. Jijjigar zazzaɓi, ɗaya cikin dubu uku ko huɗu. Ki lura da jinkirin nan na sati guda, don iyaye da yawa sukan ɗauka wata sabuwar cuta ce.

Saura hujjarsa ta farko, cewa asibiti ake ɗauko cuta. Wannan ma an auna shi, a tsakiyar korona. Masu bincike a makarantar nazarin tsabta da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan sun yi lissafi a 2020 kan ƙasashen Afirka: in aka ci gaba da rigakafin yara, duk mutuwa ɗaya da za a samu saboda wani ya ɗauko korona a layin asibiti ya kai gida, an tsare mutuwar yara wajen 84. Ko da suka matse lissafin iya matsewa, suka ƙirga ƙyanda kaɗai, rigakafin ne ya rinjaya. Lissafi ne na takarda, na yarda, amma abin da ya faru a ƙasa bai saɓa masa ba. Adadin yaran duniya da suka samu allurar mashaƙo sau uku ya sauko daga kashi 86 cikin ɗari a 2019 zuwa 81 a 2021, yara miliyan 25 suka rasa aƙalla guda a wannan shekarar kaɗai. Ba zan ɗora wa korona dukan laifin mashaƙon Kano ba, yawancin yaran da suka kamu an haife su tun kafin dokar kulle, giɓin tsoho ne, kullen ƙara faɗaɗa shi ya yi. A Kwango an ga irinsa: hankalin duniya na kan Ebola, wadda ta kashe kusan mutum 2,300 tsakanin 2018 da 2020, ƙyanda kuwa ta kashe sama da 6,000 a cikin 2019, galibi ƙananan yara.

Ni ba na cikin masu ganin wautar iyayen da ke tsoro. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, Pfizer ta yi gwajin maganin Trovan da yara 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wajen rabinsu aka ba Trovan, sauran wani maganin daban, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Trovan maganin kashe ƙwayar cuta ne da ake gwaji, ba rigakafi ba ne, amma wa zai tsaya yi wa uwar da ta binne ɗanta wannan bambanci? Tsoron ya taimaka wajen dakatar da ɗigon shan inna a 2003. Kafin Kano ta dawo a Yuli 2004 da maganin da aka sayo daga Indunusiya, cutar ta bazu, daga baya aka same ta a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na tsibirin Samowa ne, ƙasa mai mutum wajen 200,000. A Yuli 2018 jarirai biyu suka rasu mintuna bayan allurar ƙyanda. Bincike ya nuna ma'aikatan jinya ne suka dama garin allurar da wani maganin sassauta tsoka da ya lalace maimakon ruwan da ake haɗawa da shi. An ɗaure su. Gwamnati ta dakatar da allurar na watanni, iyaye suka janye, kuma wa zai zarge su? Ƙarshen 2019 ƙyanda ta shiga, ta kashe mutum 83, kusan duka yara ƙanana. Jarirai biyun nan ganganci ne ya kashe su, kuma irin wannan haɗarin kina da hannu wajen rage shi.

Ki je asibitin gwamnati ko wurin da jami'an rigakafi suka kafa, ba kantin magani ba. Ki ga an ɓare sabon sirinji a gabanki. A jikin kwalbar akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya: in murabba'in ya fi da'irar haske, maganin lafiya lau, in ya yi duhu kamarta ko ya fi ta, zafi ya lalata shi, kina da haƙƙin cewa a canza. Allurar ƙyanda gari ce, ana dama ta da ruwanta, bayan awa shida zubarwa ake yi. Shi ya sa asibitoci da yawa ke ware mata rana, don haka ki tambayi ranar tukuna kada ki yi zuwan banza ki zauna cikin cunkoso. Ki yi sammako, ki tsaya a waje inda iska ke kaɗawa, ki sa takunkumi, ki bar sauran yaran a gida in ba su ma za a yi musu ba. Penta da ta ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau duk ana iya yin su rana ɗaya a wurare daban na jiki, zuwa ɗaya ya wadatar. A rubuta miki ranar ƙyanda ta biyu, a wata goma sha biyar.

Akwai lokacin da jira ne daidai. In yarinya na kwance da zazzaɓi mai zafi, a yi mata magani tukuna. In allurar baya ta taɓa sa mata kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, ki faɗa kafin a taɓa ta. Yaron da ake yi wa maganin daji ko garkuwarsa ta faɗi ƙwarai, likita ne zai yanke hukunci kan ta ƙyanda da ta shawara. Mura, ɗan tari, gudawa mara tsanani, fitar haƙori, rama, babu ɗaya da ke hanawa. Mai tamowa ma shi ya fi kowa buƙata, don shi ƙyanda ta fi kayarwa.

In kuma wani a gidanku ko gidan da kuke shiga ya riga ya kamu da mashaƙo, zancen ya canza. Allura na ɗaukar kamar sati biyu kafin ta fara kariya, saboda haka ita kaɗai ba ta isa ba. Kada ki shiga layi, ki sanar da ma'aikata tun daga ƙofa, za su ba duk 'yan gidan maganin sha na kwanaki su kuma yi musu allurar. Ki ɗauko katunan yayyenta ma a duba, manyan yara akwai tasu mai suna Td. Shi kuma maigida, ki roƙe shi ya raka ki, ya riƙe kwalbar ya duba da'irar da idonsa.