Lasisin masu yaƙi da fumfuna a Amurka: tsarin New York ko na Virginia

Tun daga Janairun 2016, jihar New York ta wajabta wa masu binciken fumfuna a gidaje da masu kankare ta mallakar lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago, ta kuma hana kamfani ɗaya ya yi binciken sannan ya karɓi aikin gyaran gida guda. Gwamnati tana samun kuɗin shiga daga rajista da sabunta lasisi, amma daga aljihunta ake biyan ma'aikatan da ke tantance takardu, da amincewa da cibiyoyin horaswa, da bin diddigin ƙorafin masu gidaje.

Virginia kuwa ta fara irin wannan lasisi a 2011, ta soke shi a 2012, ta huta da ɗawainiyar, ta kuma rasa kuɗin.

A ganina tsarin New York ya fi, ko da kuɗin lasisin bai rufe abin da ake kashewa ba, domin mai gidan da bangonsa ya yi baƙi bayan ambaliya ba shi da hanyar gane ko mai binciken yana zuzuta ɓarnar ne don ya samu kwangila.