Kuɗi a hannun ɗalibi ko a biya wa makaranta?

Lokacin korona a 2020 Amurka ta ware wa jami'o'inta kusan dala biliyan 14, dokar kuma tace aƙalla rabi ɗalibai za a ba a hannu. To da a Katsina ne wanne yafi, a tura ma ɗalibi alat ko a biya masa rajista kai tsaye?

Biyan rajista dai ba za a ci kuɗin a shayi da indomi ba, iyaye ma sun huta. Amma fa tun Maris aka rufe makarantu, ga ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU na yajin aiki har Disamba, rajistar me za a biya? Ɗan jami'ar Umaru Musa Yar'adua (UMYU) ko jami'ar tarayya ta Dutsinma (FUDMA) yana gida, babansa ba kasuwa, mai gidan haya a Dutsinma na ta kira, data ta ƙare, garin kwaki ma ya yi tsada, wannan wallahi kuɗi yake so a asusunsa yau ɗinnan.

Matsalar alat ɗin ita ce jerin sunaye, sai kaga ɗan wane da ba ya buƙata shi ne a sama. Ni dai duk da haka alat na zaɓa, a tantance da lambar rajista da BVN.