Yadda ake ɗaure kaya a but ɗin mota a Jamus

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da su Inna da yara. Ka tambaye ni abin da zai yi maka amfani a harkar tuƙi in aiko maka daga nan Hambog. Na san hankalinka na kan fitila ko batir, amma abin da na zaɓa maka bel ne na ɗaure kaya da shimfiɗar roba ta but. Bari in faɗa maka dalili.

A Jamus doka ce. Sashe na 22 na dokar hanya ya ce dole a ɗaure kaya yadda ko an taka birki da ƙarfi, ko an kauce wa wani abu ba zato, ba za su zame ba, ba za su kife ko su gangara ba. Ba 'yan tirela kaɗai ake nufi ba, har mai ƙaramar mota da ya dawo daga cefane. Idan 'yan sanda suka ga kaya a sake, tarar Yuro 35 ce. Idan ka jefa wani cikin haɗari ta zama 60, a kuma rubuta maka maki ɗaya a ofishin da ke garin Filensbog, inda maki 8 ke raba direba da lasisinsa. Ko kare ka ɗauko, a matsayin kaya yake, sai ka tsare shi.

Ƙungiyar masu motoci ta ADAC takan gwada karo da gangan don ta nuna wa jama'a. Abin da take faɗa shi ne, a karon gudun kilomita 50 kacal, abin da ba a ɗaure ba yana bugu da nauyinsa sau 30 zuwa 50. Ka lissafa kiret ɗin lemo mai kilo 15: ya haura kilo 400, kamar bijimi ya taso daga baya ya doki kujerar da yara ke zaune. To ina ga jak, da safaya, da tukunyar gas da muke jefawa a but haka nan mu kama hanyar Katsina?

Kayan ɗaurin da ake sayarwa a nan ba wasu na alfarma ba ne. A shagunan kayan gini irin su Obi da Bauhaus akwai layi guda na wannan harka, kantunan cefane irin su Aldi da Lidl ma kan kawo su lokaci-lokaci da araha. Shimfiɗar baƙar roba ce mai kaushi, kana yanka ta daidai faɗin but ɗinka. Ka ɗora jarkar manja a kai ka sha kwana, tana nan inda ka ajiye ta. Akwai raga da ake lulluɓe ƙananan kaya da ita, akwai kuma shingen ƙarfe da ke raba but da fasinja. Amma bel ɗin ne ya fi burge ni. Yana da ƙarfe mai haƙora a gefe ɗaya, kana ɗaga hannunsa kana saukewa yana ƙara tamkewa, ƙas-ƙas-ƙas, har sai kaya sun lafe da ƙasa. Kowanne da ɗan ƙyalle ɗinke a jikinsa, an rubuta iya nauyin da zai riƙe. Wanda ƙyallensa ya cire ko bakinsa ya fara zarewa, ajiye shi ake yi.

Ga abin da nake so ka duba yau ɗin nan. Ka buɗe but ɗin Sharon ɗinka ka leƙa kusurwoyin ƙasa, wani lokacin a ƙarƙashin kafet. Za ka ga wasu ƙananan zobba na ƙarfe a kwance. Domin wannan bel aka yi su. Motocin nan namu na Kwatano daga nan suke tasowa, ina ganin ana loda su a jirgin ruwa, kuma da zobbansu suke isowa Kano. Mu dai ba wanda ya taɓa ce mana ga amfaninsu, sai ƙura ta binne su.

Ba ina cewa Jamusawa sun fi mu iya ɗauri ba ne. Wallahi ɗan lodi na tasharmu, ka ba shi igiya da robar tsohon tiyub, zai ɗaure maka buhu goma a bayan Golf da but a buɗe, su kai Jibiya ba wanda ya faɗo. A nan ba ka da mai yi maka wannan, kai za ka ɗauka, kai za ka jera, in kuwa ka nemi a kai maka gida sai ka biya kuɗi mai tsoka. Bambancin shi ne mu tsoronmu kada kaya su faɗo a titi mu yi asara, su kuma tsoronsu kada kaya su yo gaba su sami mutum. Robar tiyub tana hana faɗowa, amma tana miƙewa, ranar karo ba za ta riƙe komai ba. Irin robar nan mai ƙugiya da ake sayarwa a nan ma ban yarda da ita ba, in ta kuɓuce ido take nema.

Akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Mai nauyi a ƙasa, a manne shi da bayan kujera, mara nauyi a sama, kuma kada kaya su wuce tsayin kujera in babu shinge. Idan babu kowa a baya, a ɗaura bel ɗin kujerun a giciye, yana ƙara wa kujerar ƙarfin tare kaya. In katako ko rodi ya zarce bayan mota fiye da mita 1, sai an ɗaura masa jan ƙyalle, shagunan ma a bakin ƙofa suke ajiye shi kyauta.

Na haɗa maka bel huɗu da shimfiɗa, za su zo cikin kayan da zan turo. Kada ka bar bel ɗin a rana in ba ka aiki da shi, zafinmu yana cinye zaren. Tukunyar gas ɗin Inna a tsaye za ka riƙa ɗaure ta, da bel biyu. Ka gaida kowa da kowa.