Likitan otal ko asibitin cikin gari: amsa ga mai shirin kai Baba Hurghada

Malam, ka ce idan likitocin Alƙahira sun gama duba Baba kana so ka wuce da shi Hurghada, garin shaƙatawa na bakin teku a Masar, ya sha iskar Bahar Maliya na mako guda kafin ku dawo Gombe, kuma kana tambaya: idan jikin ya motsa a can, tunda yana da ciwon suga da hawan jini, likitan otal za ka nema ko asibitin cikin gari? Na kai Hajiyarmu garin nan, kuma dukansu biyun sai da muka buƙace su.

Likitan otal dai babu abin da ya kai shi kusa. Yawancin manyan otal-otal na bakin ruwa suna da ɗan ɗakin shan magani: gado ɗaya, abin awon jini, ledojin ƙarin ruwa rataye. Darenmu na biyu Hajiya ta kama amai da gudawa, kafin in gama lalubo mata mayafi har likita ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ɗaura mata ruwa, ya ba ta Antinal, maganin gudawar da kusan kowane gida a Masar ya sani, da safe har ta sha shayi da burodi. Wannan alherin ba zan ɓoye shi ba. Amma da takardar kuɗi ta zo, da yuro aka rubuta ta, kuma ta zarce kuɗin ɗakinmu na kwana uku. Da Turawa masu inshora suka saba hulɗa, ba da wanda ya canzo naira ba. Ni ma ban tambayi farashi ba kafin a soka allura, kai ka tambaya, a rubuta maka.

Abin da ya fi kuɗin damuna shi ne iyakar ƙarfinsa. Ba shi da ɗakin gwaji cikakke, ba hoton ƙwaƙwalwa, ba gadon kulawa ta musamman. Idan Baba ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, duk mintin da ka ɓata a ɗakin nan asara ce. Kira 123, lambar motar asibiti ta Masar ke nan, ku nufi gari.

A gari akwai babban asibitin gwamnati a unguwar Dahar, tsohon gari. Ya fi sauƙin kuɗi, sai dai cunkoso, kuma a wurin yankar kati Larabcin Misirawa za ka ji, wanda ya sha bamban da na Islamiyya. Da ka kai ga likita matsalar ta ragu, domin da Turanci suke karatun likitanci. Akwai kuma asibitocin kuɗi irin su Nile Hospital, da asibitin El Gouna mai nisan kilomita kusan 25 arewa da gari. Waɗannan suna da gwaje-gwaje da ƙwararru, amma ka shirya fasfo da kuɗin ajiya kafin a ba da gado. Ga dattijo irin Baba, nan na fi karkata. Shi ya sa ma zan ce kada ka kama otal a Makadi, wajen kilomita 30 kudu da gari, komai kyan hotonsa a waya. Nemi na unguwar Sekalla ko Dahar, cikin gari.

Akwai abin da nake so ka riƙe da hannu biyu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Masar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. Likitan da ya daɗe bai ga mai maleriya ba, idan ka kai masa mai zazzaɓi, tunaninsa zai tafi kan zafin rana ko gurɓataccen abinci. Mu kuwa daga Gombe muka taso, ƙwayar cutar tana iya kwana a jini ta tashi bayan mako ɗaya ko biyu. Ka buɗe baki ka ce daga Najeriya kuke, a yi gwajin maleriya. A wannan ma asibitin gari ya fi, saboda shi ke da ɗakin gwaji. Da jikin Hajiya ya yi zafi a kwana na biyar, sai da na maimaita maganar sau biyu kafin aka ɗebi jininta.

Awon suga ma kada ya ruɗa ka. Takardun gwajinmu sau da yawa da ma'aunin mmol suke zuwa, a Masar da ma'aunin mg suke lissafi. Ka ninka da 18: 7 ɗinmu ita ce 126 a wurinsu. Ka sa likitan Baba na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ya rubuta maka ainihin sunayen magungunan, kamar metformin ko amlodipine, ba sunan kamfani ba, domin kantin maganin can ya gane. In yana allurar insulin, firij ɗin ɗaki ne mazauninta, ba jakar bakin ruwa ba.

Tramadol kuwa kada ya shiga jakarku babu takardar likita, ko don ciwon gwiwa ne. A 2017 an kama wata 'yar Ingila a filin jirgin Hurghada da ƙwaya kusan 300, aka yanke mata shekara uku.

Idan abin ya girmama, Allah ya kiyaye, Alƙahira za a koma, kilomita wajen 450, kamar ka yi tafiyar Gombe zuwa Bauchi sau uku, ko awa guda a jirgi. Don haka ka karɓi lambar likitan da ya duba shi a can da kwafin duk sakamakon gwajinsa. Ranar da kuka sauka, bayan Baba ya kwanta hutawa, ka ɗauki tasi ka je ka ga ƙofar sashen gaggawa na asibitin da ka zaɓa, ka lura minti nawa ne daga otal. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.