Shekara biyu da Lichess a wayar gidanmu

Ni ɗan dara ne, ta ƙasa, mai gurbi talatin da tsinke da duwatsu, irin wadda muke bugawa a gindin darbejiya bayan la'asar. Wasan ces kuwa, wato darar Turawa, ko tafiyar doki ban sani ba sai da yarona Abba, mai sunan mahaifina, ya shigo mana da shi gida yana ɗan shekara 7.

Malaminsu na lissafi ne ya jawo. Shi ya ba su labarin Tanitoluwa Adewumi, yaron nan da iyayensa suka bar Najeriya a 2017 saboda barazanar Boko Haram, suka sauka a birnin Niyok na Amurka, suna kwana a gidan da ake ajiye marasa matsuguni. A watan Maris na 2019, yana ɗan shekara 8, ya cinye gasar ces ta jihar Niyok ta rukunin ƙananan 'yan firamare ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba, alhali bai fi shekara guda da fara koyon wasan ba. Zuwa 2021, yana ɗan shekara 10, ya samu muƙamin gwani na ƙasar Amurka. Abba ya dawo gida ko takalmi bai cire ba ya ce, "Baba, ashe ɗan Najeriya ne! Ni ma zan iya." Na ce Allah ya sa, ina zaton kwana biyu zai manta. Bai manta ba.

A unguwarmu babu mai koyarwa, sai malamin ya ce mu sauke Lichess, manhajar buga ces da mutane ta intanet. Da ya ce kyauta ne na yi dariya, don mun san araha ba ta ado. Na yi ta jiran ranar da za a ce in sa lambar katin banki, yau shekara biyu ke nan shiru. Wani Bafaranshe mai suna Thibault Duplessis ne ya ƙirƙire shi a 2010, kuma da gudummawar masu amfani da shi ake tafiyar da shi. Talla ko ɗaya babu. Duk uban da ya taɓa miƙa wa yaro waya ya ga tallar caca ta faɗo tsakiyar wasa ya san girman wannan. Data ma ba ya ci, bidiyo ɗaya da maman Abba za ta kalla ya fi wasanninsa na yini guda tsada. Akwai kuma tsarin yara da ke toshe hira da saƙonni, ba a cire shi sai da kalmar sirri, ita kuwa tana hannuna.

Inda na fi yaba masa shi ne bita. Da an gama wasa, sai ka danna a duba maka, injin nazarin ces mai suna Stockfish ya bi tafiyar ɗaya bayan ɗaya yana sa alama. Ƙaramin kuskure alamarsa daban, babban ɓarna kuma alamar tambaya biyu. Na sha ganin Abba a tsugune kusa da soket, waya na caji kafin a ɗauke wuta, ya ƙura wa alamar nan ido yana cizon yatsa. Akwai wurin da ake mayar da kai daidai inda ka yi kuskuren a ce nemo abin da ya fi. Ba tsawa, ba gajiya, ko sau goma ka faɗi. Ga kacici-kacici rututu, duk daga wasannin da mutane suka buga aka ciro su. Nan ya koyi yadda doki ke kai wa sarki da sarauniya hari lokaci guda, kuma a kaina ya fara gwadawa.

Sai dai na yi sakaci, kuma laifina ne. Shafin yana da wasa iri-iri, daga na minti ɗaya har na rabin awa da abin da ya fi, zaɓi na mai wasa ne. Abba ya zaɓi na minti ɗaya da na minti uku, ni kuma na zuba ido don ina jin daɗin ganin makinsa na hawa. Kowa da maki 1500 yake farawa a can, shi kuwa ya haura 1900. Har majalisa na kai labari, ina cewa mun kusa samun Tanitoluwa a gidanmu. Ban san makin Lichess daban yake da na hukumar ces ta duniya, FIDE, ba, awon kowanne a cikin jama'arsa ake yi.

Wata gasar yara 'yan ƙasa da shekara 10 a Abuja ce ta wanke mini ido. Zaure tsit, ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin agogo. A zagaye na biyu aka haɗa shi da wata yarinya 'yar ƙarama, ƙafafunta ko ƙasa ba sa kaiwa, ta tusa hannuwanta biyu ƙarƙashin cinya ta zauna a kansu. Na ɗauka sanyi take ji. Can Abba ya kai hannu da sauri ya ɗaga sarauniyarsa, sai ya hango tarko, ya mayar da ita inda take, ya nufi soja. Yarinyar ba ta ce uffan ba, hannu kawai ta zaro ta ɗaga. Alƙalin wasa ya zo ya ce doka ce, abin da ka taɓa shi za ka tura. Sarauniyar kuwa duk inda ta je da asara. Daga inda iyaye ke tsayawa ina hango shi yana haɗiye kuka. Sau uku kuma yana mantawa bai danna agogo ba, lokacinsa na ta zuba, don a waya agogon da kansa yake juyawa.

A mota muna dawowa ya ce, "Baba, a waya fa idan ban sake ta ba, ba a ƙirgawa." Na ce haka ne, Abba. Ban ƙara komai ba, na tsaya a hanya na saya masa tsire.

Da na bi tarihin yaran da ake kira gwanaye, sai na ga hanya ɗaya suka bi. Faustino Oro na Ajantina a intanet ya fara lokacin kullen korona a 2020, amma muƙamin gwani na duniya da ya samu a 2024 yana ɗan shekara 10, a kan allo ya same shi, bayan iyayensa sun koma Sifaniya da shi. Abhimanyu Mishra na Amurka, wanda ya zama babban gwani mafi ƙarancin shekaru a 2021 yana da shekara 12 da wata 4, watanni ya yi a birnin Budafes na ƙasar Hungari yana shiga gasa bayan gasa. Waya tana wasa ƙwaƙwalwa, amma zama da haƙuri da kuɗin mota a wani wurin ake biyansu.

Yanzu mun sake tsari, kuma a cikin Lichess ɗin muka samu abin gyaran. Ba ya buga ƙasa da minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 kan kowace tafiya. Na sayo allo na katako, yana ajiye shi gefen waya, sai ya tura a allo kafin ya taɓa gilashi, ya kuma rubuta a littafi. Wasannin Abuja shida duk mun shigar da su sashen nazari na shafin, har da na yarinyar nan. Alamar tambaya biyu na nan daram a kan sarauniya.

Mai son darasin bidiyo da yawa ya leƙa wani shafin ces mai suna Chess.com, amma wani ɓangarensa sai da kuɗin wata. Ni dai a aljihuna da yanayin wutarmu, Lichess nake nuna wa duk uban da ya tambaye ni, in kuma roƙe shi ya riƙa leƙa irin wasan da yaron ke zaɓa.

Jiya da daddare na leƙa ɗaki na tarar da Abba gaban allo, hannuwansa biyu ƙarƙashin cinya. Mamansa ta ce, "Kai kuma lafiya?" Ya ce, "Mama, tunani nake yi."