Jita mai rabin rami: wacce ta dace da mai saye a Kaduna?

Kafin ka tambayi kuɗi, leƙa ta cikin tsagar nan da ke fuskar jitar, ka haska da fitilar wayarka. Idan ka hango guntun katako ya ratsa tsakiyar cikinta daga gindin wuya har ƙasa, to mai rabin rami ce. Idan ciki fayau yake, mai cikakken rami ce, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne ko da a ido sun yi kama.

Kamfanin Gibson na Amurka ne ya fito da wannan dabara a 1958, da samfurin ES-335. Jitoci masu rami na wancan lokacin suna da daɗin murya, amma da an ɗaga amfilifaya sai su kama kuka. Katakon tsakiyar shi ke danne kukan, gefe da gefe kuma a bar rami don sautin ya yi taushi. Shahararren makaɗin jita na Amurka B.B. King ma har sawa ya yi aka ƙera masa tasa jitar ba tsaga saboda wannan matsala. Don haka mai kiɗa a coci a Sabon Tasha ko Narayi, inda ganga ke bayansa lasifika na gabansa, ya kula da Epiphone Casino: kyakkyawa ce, tun 1961 ake yin ta, amma ba ta da katakon nan. Ta fi dacewa da situdiyo ko ƙaramin ɗaki.

Wajen zaɓi, yawancinmu tsakanin Epiphone da Ibanez za mu tsaya. Epiphone mallakar Gibson ce tun 1957, shi ya sa samfuranta Dot da Sheraton suka ɗauko siffar 335 sak, faɗin jiki inci 16. Ibanez kuwa jerin Artcore take da shi, irin su AS53 da AS73, kuma a ganina ita ce ta fi ba da abin da ya kai kuɗinsa ga mai farawa. Wanda jikinsa bai da girma, ko yake tsayuwa da jita tun daga farkon biki har ƙarshe, ya nemi samfurin ES-339 na Epiphone ko Gibson, wanda aka rage wa faɗi. Gretsch na da masu katakon tsakiya a jerin Electromatic, sautinsu ya fi kaifi, sai dai masu sandar girgiza sauti suna da wahalar canjin tsirkiya. Telecaster Thinline ta Fender ba ta da nauyi, amma muryarta ta fi kusa da ta jita marar rami.

Duba kuma maganaɗisun da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya. Mai nadin waya biyu yana kashe gurnanin lantarki, mai nadi ɗaya yana kwaso shi. A garin da rabin wasanni kan janareto ake yin su, da wayoyin da ba a haɗa su da ƙasa ba, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sai babban abokin gaba, hunturu. Katakon jita yana son danshin iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kaduna daga Disamba zuwa Fabrairu iska kan bushe ƙasa da haka sosai, a Agusta kuma ta jiƙe sharkaf. Gangar jikin irin wannan jita da falle-fallen katako aka manna ta, don haka ba ta cika tsagewa ba. Wuya ne ke shan wahala. Allon yatsu yana tsukewa, bakin ƙarafan da ke jere a kansa su fito. Shafa hannunka a gefen wuyan daga sama zuwa ƙasa: in ya karce ka kamar bakin gwangwani, jitar ta sha bushewa. Sannan ka ɗaga ta, ka hangi wuyan daga kai. Ɗan lanƙwasa ana gyara shi da sandar ƙarfen da ke cikin wuyan, matuƙar tana juyawa, kuma lallai mai sayarwa ya juya ta a gabanka. Wuyan da ya murɗe kuwa, ka ajiye masa kayansa. A gida, akwati mai tauri da ɗan jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai huji sun isa, kada dai ruwa ya taɓa katakon.

Akwai abin da masu saye ba su cika tunawa ba sai ta lalace. Yawancin waɗannan jitoci ba su da murfi a baya, duk wayoyi da maɓallan ƙara ta cikin tsagar gaba ake zaro su da zare. Mai gyaran rediyo zai iya liƙa waya, amma mayar da su wurinsu ba tare da ya kankare fenti ba sai wanda ya saba. Saboda haka a jona jitar a gabanka, ka murɗa kowane maɓalli, ka girgiza wayar a bakin soket. Duk wani ƙaras-ƙaras da ka ji, ka cire kuɗin gyaransa daga ciniki.

Ga mai son tarawa, kayan tokumbo da ke fitowa daga kasuwar Alaba ta Legas akwai na gaske, akwai jabu masu sunan Gibson ɓaro-ɓaro a ka. Ƙaramin murfin da ke saman wuya a Gibson ta asali kusoshi biyu gare shi, jabu sau da yawa uku. A Epiphone galibi uku ne dama, kada ka rikice. Leƙa takardar da ke manne a ciki, ka gwada lambarta da wadda ke bayan kai. Juya ta kuma ka duba inda kai ya haɗu da wuya, don nan ne Gibson ta fi karyewa idan ta faɗi. Karayar da aka ɗora da kyau ba ta hana kiɗa, amma tana zubar da daraja sosai, haka ma sabon fenti ko maganaɗisun da aka musanya. In ta hoto a WhatsApp ake cinikin, ka nemi bidiyon waɗannan wurare kafin ka tura ko sisi, ka kuma sa sharaɗin a ɗan sassauta tsirkiyoyi, a cusa tsumma ƙarƙashin kai a cikin akwati, kafin a ɗora ta a motar Legas.